Amsa ga ɗan'uwan da aka dawo wa da babinsa na Makiyabeli da Erasmus

Ɗan'uwa, sannu. Ka ce sufabaiza ya dawo maka da babi na uku ya sha jan biro, wai kwatancen da ka yi tsakanin Makiyabeli da Erasmus, marubutan Turai biyu da suka yi wa sarakuna nasiha, bai tsaya da ƙafarsa ba, kana neman ta inda za ka kama. Duk wanda ya yi furojet a wannan fanni cikinmu ya san wannan ciwo. Kuma wallahi rabin laifin na handaut ɗin nan ne da ake sayar wa ɗalibai shekara da shekaru.

Duba shekarunka tukuna. In ka rubuta cewa Erasmus martani ya mayar wa Makiyabeli, goge shi yau. An rubuta Il Principe, littafin Makiyabeli kan sarauta, a 1513, amma ba a buga shi ba sai 1532, shekara 5 bayan mutuwar mai shi. Nasihar Erasmus ga sarki Kirista kuwa ta fito a 1516, ya yi ta ne don Charles, yaro ɗan shekara 16 da daga baya ya zama sarkin sarakuna Charles na Biyar. Ba da juna suke ba. Dukansu Sisero da Seneka, marubutan tsohuwar Rum, suka karanta, Erasmus ya bi bayansu, Makiyabeli ya yi musu gardama. Nan babinka yake.

Ja layi uku a takarda: magabata, Erasmus, Makiyabeli. Ɗauki babi na 15 zuwa 18 na Il Principe. A kashin farko na littafinsa De Officiis, Sisero ya ce zalunci iri biyu ne, ƙarfi irin na zaki da yaudara irin ta dila, kuma babu wanda ya dace da ɗan Adam. Babi na 18 ya ɗauko dabbobin nan biyu ya ce dole sarki ya iya zama kowanne. Babi na 16 kan kyauta ne: sarki mai sakin hannu yana ƙarar da baitulmali, ya koma matsa wa talakawa da haraji, su tsane shi. Na 17 ka jera shi da nasihar Seneka ga Nero, sarkin Rum, kan sassauci.

Na 17 ɗin nan ne ke ƙona min rai. Masu handaut sai su ciro cewa gara a ji tsoronka da a so ka, su yanke nan. A babin fa ya ce sarki ya guji ƙiyayya, ya cire hannu daga dukiyar mutane da matansu. Babi na 8 ba su taɓa buɗe shi ba, inda ya ce kashe 'yan ƙasa da cin amanar abokai na iya ba da mulki amma ba ya ba da ɗaukaka. Ba sa gaya maka Makiyabeli ya yi wa jamhuriyar Fulorens ta Italiya aiki daga 1498 zuwa 1512. Da gidan Medichi, masu mulkin birnin a da, suka dawo suka kore shi, a Fabrairun 1513 aka kama shi bisa zargin makirci, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka ja shi sama da igiya ana sakinsa, har sau 6. Bai amsa laifi ba. Afuwar da aka yi da zaɓen Fafaroma Leo na Goma ce ta fito da shi. Kuma wa ya sadaukar wa littafin yana neman aiki? Ɗan gidan Medichin! Sannan wani da bai karanta shafi goma ba ya zo ya faɗar da ɗalibi a kansa.

Amma kada ka wanke Makiyabeli, za a kama ka a difens. A babi na 7 ya yaba wa basarake Chezare Borjiya, wanda ya sa wakilinsa Remiro de Orko ya ladabtar da yankin Romanya na Italiya da ƙarfi, sannan a Disambar 1502 mutanen garin Chezena da ke yankin suka wayi gari da gawar Remiro gida biyu a dandali, ga guntun katako da wuƙa mai jini a gefe.

Af, risalar Al-Maghili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ita ma nasihar sarakuna ce ta kusan zamanin. Babu alaƙa tsakaninsu, sakin layi ɗaya ya isa, shi ma in sufabaiza ya yarda.

Duk abin da ka ciro, sa lambar babi, don shafuka sun bambanta daga bugu zuwa bugu. In ka cika layuka ukun, ɗauko hotonsu ka turo nan mu duba kafin ka mayar masa.