Zaɓen cike gurbi a karkarar New South Wales zamanin mulkin mallaka

Tambaya: Me ya sa zaɓen cike gurbi ya yi yawa a karkarar New South Wales ta Ostareliya a ƙarni na 19, kuma yaya ake gudanar da shi?

Amsa: Tushen abin kuɗi ne. An buɗe zaɓaɓɓiyar majalisar yankin a 1856, amma sai a 1889 aka fara biyan 'yan majalisa albashi. Wakilin ƙauye daga aljihunsa yake ciyar da kansa wata da watanni a Sidni, inda majalisar ke zama, gonarsa ko garken tumakinsa na hannun wasu. Da yawa sukan gaji su ajiye kujerar. Wanda kuma arzikinsa ya karye, doka ba ta barinsa a kanta. Bashi ne ya sa ɗan majalisa Henry Parkes ya sauka daga kujerar mazaɓar Kiama a 1870. Ya koma majalisa ta zaɓen cike gurbi a Mudgee a farkon 1872, kafin shekarar ta ƙare ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin yankin. Ga kuma ƙa'idar da ta ce duk wanda aka naɗa minista sai ya koma mazaɓarsa an sake zaɓensa, ko da yake sau da dama ba mai ja da shi.

Kakakin majalisa ne ke aika wa baturen zaɓe takardar umarni ɗauke da ranar tsayar da 'yan takara, ranar ƙuri'a, da ranar mayar da takardar. Ranar tsayarwa akan kafa dandamali, galibi a gaban kotun garin. Wani ya gabatar da ɗan takara, wani ya mara masa baya, sannan a ɗaga hannu. Ɗaga hannun ba hukunci ba ne, don har wanda ba shi cikin rajista yana ɗagawa. Wanda aka rinjaya sai ya nemi a jefa ƙuri'a. Daga 1858 ta sirri ce: kana soke sunan wanda ba ka so, ka bar na wanda kake so.

Nisa ne ke ɓata lissafi. A kan doki ake kai takardu rumfunan nesa, idan kogi ya cika sai rumfa ta kasa buɗewa a ranarta. A wasu mazaɓu masu ƙuri'a 'yan ɗaruruwa ne, saboda haka kuskuren mataimakin baturen zaɓe ɗaya ya isa ya juya sakamako. Wanda bai yarda ba ba kotu yake zuwa ba. Ƙorafi yake kai wa kwamitin majalisa mai duba zaɓe da cancanta, wanda ke iya sake ƙirga ƙuri'u, ya miƙa kujerar ga abokin hamayya, ko ya rushe zaɓen a sake sabo.