Ganyen bakin magudana: wuta ba ta kashe dalma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tudun Murtala a Kano da yara biyar. Bana ruwa ya makara, da ya sauka kuma ya ɗauke, alayyahu da yakuwar da na shuka a tsakar gida duk suka ƙone. Ruwan 'yan garuwa na sha ma da ƙyar muke saya, balle na shuka. Yanzu yara ne ke tsinko mana tafasa da lalo a bakin magudanar bayan unguwa, don nan kaɗai kore ya rage. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ɗiban ruwan wurin ina ban ruwa, tunda dai dafawa ake yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da hankalin naki bai kwanta ba. Daga yau ki hana yaran nan zuwa wurin, ruwan ma kada ki ɗiba.

Maganar maƙwabciyarki, "ai wuta tana kashe komai", na ji ta har kunnena ya gaji, a bakin masu lambu, a bakin masu abincin sayarwa, har da masu digiri. Tana da 'yar gaskiya a ciki, abin da ya sa ta fi ƙarya zalla haɗari ke nan. Tafasawa tana kashe abu mai rai, wato ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa da ƙwan tsutsar ciki. To amma kin san inda kike zaune. Kina maƙwabtaka da Bompai, kuma ruwan masana'antun yankin yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni, su zarce dam ɗin Wasai a Minjibir. Haka abin yake wajen Sharaɗa da Challawa. Masu jimar fata ta zamani da gishirin kuromiyam suke aiki. Ga masu fasa tsohon batirin mota suna zubar da ruwansa a kwata, ga baƙin man kanikawa. Dalma da kuromiyam da kadmiyam dangin ƙarfe ne, ba su da ran da za a kashe. Ki dafa ganyen daga asuba zuwa magariba, suna nan. In ma miya ta tsotse, yawansu a kowane ludayi ƙaruwa yake yi.

Wanke ganyen ma ba ya fitar da su duka, don ba a bayan ganye kaɗai suke ba. Saiwa ce ta zuƙo su suka shige jikinsa, kuma kayan ganye irin su alayyahu da salak sun fi kayan 'ya'ya tara su. Kanwa ba ta cire su, gishiri ba ya cire su. Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp cewa a jefa gawayi a tukunya ya tsotse guba, wanda ya yi shi ya ji tsoron Allah.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba a ci yau a faɗi gobe. Sai ka ji an ce, "Shekara nawa muna ci, me ya same mu?" Dalma taruwa take yi a hankali, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara da ɗan da ke ciki ta fi yi wa ɓarna: yaro ya rasa kuzari, jini ya yi ƙasa, karatu ya ƙi shiga, a ce dakiki ne ko a ce sammu. Kadmiyam kuwa ƙoda yake ci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara wajen Anka da Bukkuyum. Wancan daga dakan dutsen zinare ne, kuma ya fi na ganye ƙarfi nesa ba kusa ba, amma dalmar dai ita ce.

Kwanakin baya na tsaya a wani lambu a bakin Jakara. Ruwan da injin ke zuƙowa baƙi ƙirin, kumfa na tashi, warinsa na hawa kai, alayyahun kuwa kore shar, ganye kamar tafin hannu. Mai lambun ya tsinko ya miƙo mini yana murmushi, wai in ga albarka. Ban ga laifinsa sosai ba, ruwan da ya samu ke nan. Haushina yana kan masu zama a otal kowace shekara ana taro kan gurɓatar ruwa, a ci abinci, a raba jaka, a kafa kwamiti, ruwan kuma yana nan yadda yake. A tsakiyar fari, in kika ga wuri ɗaya ya yi kore a cikin gari alhali ko'ina ya bushe, ki fara tambayar me yake sha.

Tsintar ganye kanta ba laifi ba ce, da ita kakanninmu suka tsallake shekarun yunwa. Tafasa, yaɗiya, gasaya, karkashi, duk abinci ne. A tsinko su a gonakin bayan gari, nesa da titi da bola, inda ba a yi feshi kwanan nan ba, kuma babba ya raka yara, don zaƙami ma a irin wuraren yake fitowa.

A gida kuwa, bar fili ki koma buhu. Ki cika shi da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen kashin awaki, ban da takin bola, don da fasassun batura a cikinsa. Ki binne ƙaramin tulu marar fenti a tsakiya har wuya, ki cika shi ki rufe bakin, zai riƙa tsattsafo wa saiwa ruwa kwana da kwanaki. Saman ƙasar ki lulluɓe shi da buntun shinkafa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da hatsi ya ishi buhu uku ko huɗu, a zuba da yamma a gindi. Na wanki mai omo da bilic kada ya kusance su. Ki shuka rama da yakuwa da lalo, ki kafa zogale biyu a jikin katanga. Tumatir ki bar shi sai Oktoba ko Nuwamba, zafin bazarar Kano zubar masa da fure yake yi.

In yaran sun daɗe suna cin ganyen wurin nan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, ki kai su asibiti, ki faɗa wa likita ainihin inda ake tsinkowa, ki tambaye shi batun gwajin dalma a jini. Maƙwabciyar taki ma ki karanta mata wannan.