Dokokin tashin jirgin soja: me ya sa yawansu ba ya hana haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana koyon tuƙin jirgin saman soja, kullum kukansa ɗaya ne: wai dokokin a warwatse suke, sai ya buɗe wannan littafi da waccan takarda kafin ya san abin da aka yarda ya yi. Ni kuwa a ganina yawan dokoki ƙarin tsaro ne. Ko dai ragwanci ke damunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ragwanci ba ne, tsohon ciwo ya taɓo.

Jiragen fasinja suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya. Sashe na 3 ya cire jiragen soja daga cikinta, saboda haka kowace ƙasa, wani lokaci ma kowace runduna, ita ke rubuta nata dokokin. Matuƙi ɗaya yana da littafin jirgin da yake tuƙawa, da dokokin tashi na rundunarsa, da ƙarin da shelkwatar yanki ta yi, da umarnin sansaninsa, ga kuma sanarwar gaggawa da zai sa wa hannu kafin ya tashi.

Kowannensu ofishi daban ya rubuta shi, kuma ba rana ɗaya ake sabunta su ba. Sai a gyara magana a littafi ɗaya, tsohuwar tana nan a wani. Matuƙi yakan haddace abin da ake tambaya a jarrabawa, sauran kuma ya ɗauka daga bakin manya: "haka muke yi a nan". Ranar da dokoki biyu suka saɓa, aikin sasanta su yana faɗawa kan mutumin da ke cikin gajimare, wanda ba shi da lokacin buɗe shafi.

A ranar 3 ga Afrilu, 1996, jirgin sojin saman Amurka samfurin CT-43 ya daki dutse kusa da Dubrovnik a Kuroshiya, mutum 35 suka mutu, har da Sakataren Kasuwanci Ron Brown. Akwai umarni cewa kada a yi amfani da irin taswirar sauka da matuƙan suka bi sai rundunar ta tantance ta. Shugabannin sansanin da jirgin yake sun nemi a ɗage musu, aka ƙi, amma tashi bai tsaya ba. Dokar tana rubuce, ba ta dai kai ga kujerar matuƙi ba.

Wani haɗarin jirgin sojan Birtaniya ya fi fito da matsalar fili. A Satumbar 2006 jirgin samfurin Nimrod ya kama da wuta kusa da Kandahar a Afganistan bayan ya sha mai a sama, sojoji 14 suka rasu. Binciken lauya Charles Haddon-Cave na 2009 ya gano cewa takardun tabbatar da lafiyar jirgin suna nan jibge, amma ba su gano haɗarin haɗuwar mai da bututu mai zafi ba, kuma alhakin kula da lafiyar jirgin ya rarrabu tsakanin ofisoshi da yawa. Wannan ya sa a 2010 aka kafa hukuma guda mai kula da dokokin jiragen sojan ƙasar baki ɗaya. Sojin ruwan Amurka sun riga su ganewa: tun 1961 suka fito da tsarin NATOPS, domin duk masu tuƙa samfurin jirgi ɗaya su bi hanya ɗaya, ko a wane sansani suke.

Yanzu wasu na ganin zuba littattafan cikin kwamfutar hannu ya kashe magana. Ni ban yarda ba. Nema ya yi sauƙi, amma saɓanin da ke tsakanin dokokin yana nan sai an sami ofishi ɗaya da ke da ikon cewa wannan ce ke gaba.

Ka gaya wa ƙanen naka ya fara sanin wace doka ke rinjayar wace, ya riƙa duba ranar sabunta kowane littafi, kuma duk inda ya ga biyu sun ci karo, ya kai rahoto a rubuce ga jami'in kiyaye haɗurra na sansaninsu.