Tambaya da Amsa: Rediyon Kaka, Kada Ka Sake Jona Shi Tukuna

Tambaya: Malam, wayata kullum sai ta ce wuri ya cika, alhali ni ban sa komai ba. Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Hajiya, ke ba ki sa ba, ƴan gurup ɗin biki da na adashi sun sa miki. Shiga saitin WhatsApp, wajen ajiya, ki hana bidiyo sauka da kansa, ki share manyan. Hotunan barka da Juma'a na bara sun gama aikinsu.

Tambaya: Muna sharar ɗakin marigayi kakanmu a unguwar Bagalam muka tarar da rediyonsa, Grundig, mai akwatin katako da ya kai ƙugu, har da wurin sa faifai. Zamanin cinikin gyaɗa ya sayo shi a Kano. Na jona shi, ya yi gurnani, wani wari ya tashi, na cire. Fitilun ciki ne suka mutu? Ina zan samu sababbi?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Amma ɗana, ka tayar mini da hankali. Abu ya shekara arba'in yana barci, ka zo ka ɗura masa volt 220 a tashi ɗaya don kawai ka gani ko yana yi! Wannan "bari in gwada" ita ta kashe yawancin tsofaffin rediyon da aka taɓa kawo mini.

Kowa fitilun yake zargi, don su ake gani. Alhali kwalaben gilashin nan, su EL84 da ECH81 da EABC80, sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Ɓarnar tana ƙarƙashin farantin ƙarfen da fitilun ke zaune a kai, wajen kwandansa, wato ƴan kayan da ke tara wuta su riƙe ta. Na wancan zamani da takarda aka naɗe su, aka shafe da kakin zuma ko kwalta. Zafin Maradi da raɓar damina sun daɗe da cinye su, yanzu yoyon wuta suke. Akwai guda ɗaya ƙarami da ke miƙa sauti ga EL84. In ya yi yoyo, fitilar za ta riƙa jan wuta fiye da kima, cikinta ya yi jajir, ta tafi da taransifoman sifika. Kwandansan nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma taransifoman ko ka zagaye babbar kasuwa da kasuwar Kadro ba za ka samu irinsa ba. Gurnanin da ka ji kuwa aikin babban kwandansa ne, mai kamar gwangwanin alminiyom, wanda ke tace wuta. Ya bushe.

Kafin komai, ka ji wannan da kunnen basira. Cikin rediyon nan akwai wuta mai kai volt 250 ko fiye, kuma gwangwanin yana iya riƙe ta bayan ka cire waya daga bango. Ka sauke ta da rezista, ɗan abin nan da ke rage gudun wuta, ka auna da mita, sannan ka sa hannu. In kana awo yana kunne, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, yara a waje. Ka kuma duba sunayen fitilun: in da U suka fara, kamar UL84, to irin marar taransifoman wuta ne, farantin kansa yana iya ɗaukar wutar bango. Wannan kai shi wajen mai gyara, ba na koyo ba ne.

Buɗe bayan akwatin ka share da busasshen buroshi. Za ka tarar da ƙurar hunturu, kashin ɓera, wataƙila har gidan zanzaro manne a jikin sifika, a hankali za ka ɓamɓare shi don takardar ta yi laushi. Duba gindin katakon ko gara ta shiga. Akwai ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya mai 110, 127, 220. Ka tabbata a 220 yake. Wayar wutar ma sauya ta, robarta ta farfashe.

Sai ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire ko da sili ɗaya. Na sha faɗa a wannan fili, ba kuwa zan gaji ba: hoto, cire ɗaya, sa ɗaya, sake hoto. Mai cewa zai tuna, shi ke dawo mini da wayoyi a leda. Kwandansan takarda ka musanya su da na roba masu jure volt 630. Gwangwanin, in an rubuta 50 da 50 a jikinsa, sa guda biyu masu 47, na volt 450, ka lura da ƙafar da ke da alamar (-), in ka juya ta zai fashe.

Ranar kunnawa, ka yanke sili ɗaya na wayar wuta ka ratsa ƙwan lantarki a tsakani, mai zare, na wat 60 ko 100. LED ba ya wannan aiki. Ƙwan ya haska sannan ya dushe, alhamdu lillahi. Ya tsaya da haske tar, kashe, akwai inda wuta ke haɗuwa. Ka ba shi kamar rabin minti fitilun su ɗumama, ba waya ba ce. Kada kuma ka gwada shi a janareto.

In Allah ya sa ya yi magana, ɗaura masa doguwar waya a kan katanga ka nemi gajeren zango da dare. A nan kaka ya riƙa jin BBC Hausa, da ta fara a 1957, shekara guda kafin a buɗe Rediyon Nijar. In ka ji ƙara shuuu, cire cajar waya da ƙwan LED na ɗakin ka sake saurara. Ina roƙonka kuma, kada ka bari wani ya kwashe cikin ya dasa maka ɗan MP3. In waƙar waya kake so, akwai ramin da na'urar faifai ke shiga, mai gyara zai haɗa maka Bluetooth a nan ba tare da ya yanke komai ba.

Tambaya: Kwamfutata tana zafi tana mutuwa da rana. Daga wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Amsa: Sauke ta daga kan katifa. In ta ci gaba, a buɗe a hure fankar, a sabunta man da ke kan firosesa.