Shin fim ɗin Heat ya cancanci awa uku?

Ɗan'uwa, ka ce 'yan fadarku a Sabon Gari sun dame ka da zancen Heat, kana tambaya ko tsohon fim mai kusan awa uku ya cancanci zama. Ya cancanta, amma in harbe-harbe zalla kake nema, za ka yi hamma.

Michael Mann ne ya shirya shi a 1995, labarin yana gudana a Los Angeles ta Amurka. Al Pacino ɗan sanda ne, Robert De Niro shugaban 'yan fashi. Abin da ya burge ni, ba a mai da ɓarawon sakarai don ɗan sanda ya haskaka ba. Kowanne gwani ne a aikinsa, kowanne kuma aikin ya cinye masa rayuwa: ɗan sandan yana aure na uku, shi ma yana tangal-tangal. Akwai inda suka zauna teburi guda suna shan kofi, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa ido da ido cewa in ta kama zai harbe shi. Nan ne karo na farko da jaruman biyu suka haɗu a fage ɗaya, ko da yake dukansu sun fito a The Godfather kashi na biyu a 1974.

Musayar wuta bayan fashin banki kuwa, a kan titin aka naɗi ƙarar bindigogin, shi ya sa take amsa kuwwa tsakanin benaye. Kada ka kalle ta da lasifikar waya.

Labarin soyayyar De Niro ne kawai ya ɗan ja ni barci. Kuma ka bari yara su kwanta tukuna.