Maigida yace asuwaki ya wadatar, ga yarinya tana kwana kukan haƙori

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce a Rigasa, yarana uku, ta tsakiyar shekararta biyar yanzu kusan sati biyu bata bacci saboda ciwon haƙori, na haska mata da tocilan waya naga rami baƙi a haƙorin ciki. Baban su kuma tun farko baya yarda a siyo burushi da makilin, yace asuwaki shine sunna burushi kayan nasara ne, da nace mu kaita asibiti yace ai haƙorin nono ne zai faɗi da kanshi kada a ɓata kuɗi, ita kuma Hajiya surukata tace akwai mai cire tsutsar haƙori a kaita wajenshi. Malam dan Allah wanda yayi burushi ya bar sunna ne? Kuma wajibi ne akanshi ya kaita asibiti ko ba wajibi bane?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya bawa yarinya lafiya ya baki ladan wannan rashin baccin.

Zan fara da inda maigidanki yake da gaskiya, dan kada ki kai mishi amsar nan kaman kin samo sandar dukanshi. Asuwaki sunna ne mai ƙarfi, babu malamin da yayi jayayya akan haka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) yace ba dan kada in tsananta wa al'ummata ba da na umurce su da asuwaki a kowace sallah. An tambayi Nana A'isha da me yake farawa in ya shigo gida tace da asuwaki, wannan yana cikin Muslim. Huzaifa yace in Annabi ya tashi da dare sai ya goge bakinshi da asuwaki. Kai har a ciwon ajalinshi, Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo da ɗanyen asuwaki a hannu, Annabi ya bishi da kallo, A'isha ta gane ta karɓa ta tauna ta tausasa mishi yayi asuwakin. Toh mutumin da yake riƙe da wannan sunnar ba abun zargi bane, abun yabo ne.

Inda aka samu kuskure shine ɗaukan cewa itacen shine ibadar. Kalmar siwak a wajen malaman fiƙihu tana nufin abun gogewar kuma tana nufin gogewar kanta, kuma hadisin A'isha da Nasa'i da Ahmad suka kawo ya faɗi dalilin ƙarara, asuwaki tsarki ne ga baki yarda ce ga Ubangiji. Tsarkin baki ake nema. Shi yasa littafan da muka taso akansu a zaure basu ƙuntata ba, Ishmawi ya lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala, mai Risala kuma yace in mutum yayi asuwaki da ɗan yatsanshi yayi kyau. Toh in ɗan yatsa ya samu shiga, burushin da yake shiga lungun da yatsa baya kaiwa da wane dalili za'a kore shi? Mu kanmu nan Kaduna yawancin abun da muke taunawa darbejiya ne ko marke, ba itacen arak na ƙasar Larabawa ba, kuma ban taɓa jin wanda yace mai darbejiya ya bar sunna ba. Maganar kayan nasara kuwa, wayar da yake kira da ita da mashin ɗin da yake hawa da lasifikar masallacin unguwarku duk ba Sahabbai suka ƙera ba, abun da ba alamar addinin wasu bane kuma yana da amfani halal ne.

Saboda haka wanda ya goge baki da burushi da man goge baki da niyyar bin umurnin Annabi na tsaftace baki ya samu asalin sunnar, muna fatan yana da lada, itacen kuma yana da fifikon cewa shi Annabi ya riƙe kuma shi zaka iya sakawa a aljihu ka ciro a bakin masallaci. Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Burushi safe da dare, asuwaki a alwala da sallah da tashi daga bacci da shiga gida, shikenan an haɗa.

Kuma akwai abun da ya kamata shi maigida ya duba da idon basira, abincin yaranmu ba irin na kakanninmu bane. Yaro ya tashi da shayi mai suga cokali uku da burodi, a hanyar makarantar boko alawa, lokacin tara biskit da lemon roba, Islamiyya da yamma cingam, da daddare a bashi yogot yayi bacci da zaƙin a bakinshi. Abun da likitocin haƙori suka tabbatar shine ƙwayoyin cutan dake manne a haƙori suna cin sugan nan su fitar da asid, asid ɗin ke cin farin bayan haƙori a hankali har yayi rami, kuma yawan lokutan da ake shan zaƙin yafi yawan zaƙin kanshi ɓarna saboda duk shan guda sabon hari ne. Da dare kuma yawu yana raguwa, shi yasa gogewar kafin kwanciya tafi ta safe muhimmanci duk da mu ta safen muka fi sani. Man goge baki yana da sinadarin fulorayid dake ƙarfafa haƙori akan asid ɗin nan. Sannan a gaskiya yarinya 'yar shekara biyar in ka bata asuwaki tauna shi zatayi kaman rake ta yar.

Yanzu maganar tsutsa. A faɗa wa Hajiya cikin ladabi, ko ki bari ɗanta ya faɗa mata yafi, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Zugin da yarinya take ji ramin ne ya kusa kaiwa jijiya ko ya kai. Duk wanda ya nuna muku wani abu yana motsi a auduga yace daga bakinta ya fito, da abunshi yazo, kuɗin da ya karɓa kuwa cin dukiyar mutane ne da ƙarya. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda yayi aikin likita alhali ba'a sanshi da ilimin likitanci ba to shi ke da lamunin ɓarnar da yayi. Na gani da idona, wani ɗalibina ya ɓace daga karatu kwana huɗu, ranar da ya dawo kuncinshi kaman ya ɓoye lemon tsami a ciki, ido ɗaya ya kusa rufewa, ashe wani ne a bakin kasuwa ya ɗiga mishi ruwan batir a ramin wai ya kashe tsutsar, dasashin ya ƙone yayi fari, ƙarshe asibitin da yake gudu saboda kuɗi can aka kwantar dashi aka kashe ninkin abun da ake gudu. Ruwan batir, fetur, turare, daka asfirin a cusa a ramin, duk haramun ne a yiwa yaro saboda cutarwa ce tabbatacciya, kuma ƙa'idar la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik.

Sai tambayarki ta biyu. Eh haƙorin nono yana faɗuwa, guda 20 ne, amma ba lokaci ɗaya suke faɗuwa ba, na gaba ne suke fara tafiya wajen shekara 6, turamen ciki irin wanda kika haska sai wajen shekara 10 zuwa 12. Kenan ana so yarinyar nan tayi shekara biyar ko fiye tana jiran haƙori ya faɗi da wannan zugin? Ga shi ruɓan yana iya tara mugunya a ƙarƙashi ya taɓa haƙorin dindindin dake tahowa, in kuma ya fita kafin lokaci na kusa su matso su cinye gurbin sabon ya fito a karkace. Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik, kuma yace dukkanku makiyaya ne kowa za'a tambaye shi abun kiwonshi. Babba in yaga dama ya daure da ciwonshi, wannan tsakaninshi da jikinshi ne, amma yarinya ƙarama bata da zaɓi bata da kuɗi, amana ce a hannun uba. Abun da nake gani kuma nake fatawa dashi, in uba yana da hali wajibi ne ya kaita wajen likitan haƙori, in ya ƙi da gangan har ta cutu yana da zunubi. In kuma rashin kuɗi ne yake ɓoyewa a bayan maganar sunna, wanda hakan na faruwa sosai a wannan zamanin kuma maza basa son faɗa, to Allah baya ɗora wa rai sai abun da zata iya, ku fara da asibitin gwamnati kaman Barau Dikko a duba a faɗa muku ko cikewa za'ayi ko cirewa da nawa ne, in kina da ɗan abun adashi kika taimaka sadaka ce gareki ba dole ba.

Kada dai ki ɗauke ta a ɓoye in akwai hanyar lallashi, ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi ki nuna mishi ramin da tocilan ɗin nan kaman yanda kika gani, in ya ƙi ki haɗa shi da limaminku ko wani yayanshi da yake jin nauyi. Amma in kika ga kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko ta kasa buɗe baki ko haɗiya, wannan ba'a kwana dashi, ki kira shi a waya ki sanar dashi kina hanyar asibiti, ceton rai ya wuce jiran izini.

Sauran yaran biyu kuma a fara tun yau. Wanda bai kai shekara 3 ba man kaman ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kaman ƙwayar wake, minti biyu, ke zaki riƙe burushin ko ki tsaya akansu har su kai wajen shekara 7, su tofar kada su haɗiye kuma kada su kuskure da ruwa nan take dan man ya zauna. Kowa da burushinshi, a canza bayan wata 3 ko in gashin ya baje. Jariri kada ya kwana da fida mai zaƙi a baki. Gawayi da toka da wasu suke dirzawa dan fari suna kankare bayan haƙori ne, shi kuma in ya tafi baya dawowa. Shi asuwakin ma a dinga yanke kan da ya tsufa ana wanke shi, ba a ciro daga aljihun da kuɗi da makulli suke a kai baki ba.

Tunda nasan za'a tambaya, mai azumi a mazhabarmu ta Malikiyya yana asuwaki duk yini, ɗanye ne aka karhanta saboda tsoron wani abu ya wuce maƙogwaro, man goge baki ma hukuncinshi kenan, baya karya azumi in ba'a haɗiye ba amma barinshi zuwa bayan buɗa baki da bayan sahur kafin alfijir yafi.

Wallahu a'alam.