Na sa Ubuntu, waifai ya ɓace, mai gyara ya ce katin ya ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, don Allah a taimaka min, wallahi hankalina a tashe yake. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a Zariya, furojet ɗina na buƙatar Linux shi ya sa na sauke Windows na sa Ubuntu 22.04 a kan laftof ɗina, HP ce ta hannu. Komai ya hau lafiya amma waifai babu shi kwata-kwata, in na shiga setin sai ta rubuta No Wi-Fi Adapter Found, alhali da Windows yana aiki garau. Lokacin sakawa ta ce in sa wata kalmar sirri na sa, da ta sake tashi sai wani shuɗin allo ya fito, na tsorata na danna Continue boot. Na bi bidiyo wajen huɗu a YouTube na kwafi duk abin da suka ce a rubuta, har direban Windows na sauko ya ƙi buɗewa. Na kai wa mai gyara ya ce katin ya ƙone, wai dama Linux na ƙona kati, in kawo dubu goma sha biyar ya canza. Saura sati uku in yi difens. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka mayar da dubu sha biyar ɗinka aljihu tukuna. Katin da ya yi aiki ranar Talata da Windows ba zai ƙone ranar Laraba don ka canza manhaja ba, kuma Linux ba wutar NEPA ba ce da za ta ƙona abu. Mai gyaran nan ko dai bai sani ba kuma yana jin kunyar cewa bai sani ba, ko kuwa ya sani sarai yana da wani kati a durowa da yake neman wanda zai manna wa.

Abu na farko ka samu intanet ta wata hanya, don kusan duk gyaran nan sai da shi. Ka jona wayarka ta Android da laftof ɗin ta kebul, ka shiga setin ɗin wayar wajen hotspot ka kunna USB tethering, Ubuntu za ta ɗauke shi kamar waya ce ta netwok aka soka mata, ba ta buƙatar komai. Kebul ɗin dai ya zama mai ɗaukar data, akwai na caji zalla irin na bakin titi da ba za su yi ba.

Sai ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka tambayi na'urar wane kati ne a cikinta, wannan shi ne abin da bidiyoyin nan huɗu ba su sa ka yi ba:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Ka duba layin Network controller, a ƙarshensa akwai lambobi gida biyu. Gidan farko shi ne kamfani: 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. Sunan da ke jikin murfin laftof ba ya gaya maka komai a nan, HP biyu masu kama ɗaya sak sai ka buɗe ka tarar ɗaya Realtek ɗaya Broadcom. In layin ya fito to katinka na raye, maganar ƙonewa ta mutu. Ka kuma buga rfkill list, in ka ga Hard blocked: yes to maɓalli ne ya kashe shi, a HP da yawa F12 ne mai ɗan fitila, ruwan lemo na nufin a kashe yake. Na taɓa zama kusan awa ɗaya a kan laftof ɗin wata baiwar Allah ina tone-tone, ashe ɗanta ne ya danna maɓallin nan, kunya kamar in nitse.

Amma daga bayaninka ni na fi zargin Broadcom, kuma shuɗin allon nan da ka tsallake shi ne ya ja maka. Ga yadda abin yake. Yawancin katunan Intel da Atheros direbansu na cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, tun asali, shi ya sa masu su ba su ma san ana wannan wahalar ba. Wasu katunan Broadcom kuwa, irin BCM43142 mai lamba 14e4:4365 da ya cika laftof ɗin hannu masu araha, direbansu rufaffe ne na kamfani, sai an haɗa shi a kan na'urarka. To Secure Boot kuma, wato kariyar da na'urar ke tashi da ita, ba ya barin kanel ya loda direban da ba shi da sa-hannun da ya yarda da shi. Shi ya sa Ubuntu ta ƙirƙiri makullin sa-hannu naka na kanka, ta ce ka sa kalmar sirri, sannan ta kawo shuɗin allon don ka tabbatar cewa kai ne da hannunka ka yarda. Enroll MOK ya kamata ka zaɓa. Da ka danna Continue boot direban ya zauna a ciki amma mai gadi ya hana shi shiga. Ka gwada sudo modprobe wl, wl ɗin shi ne sunan direban Broadcom, in ta ce maka Key was rejected by service to shi ke nan mun kama ɓarawon. Sai ka buga

sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der

ka sa kalmar sirri mai sauƙi, lambobi zalla ma sun fi don sau ɗaya kawai za ka yi amfani da ita, ka sake kunna na'urar, shuɗin allo zai dawo, wannan karon Enroll MOK, Continue, Yes, ka sa kalmar, Reboot. In kuma ta ce ba ta ga wl ɗin ba gaba ɗaya, ka buɗe Software & Updates ka je Additional Drivers ka zaɓi na Broadcom, ko ka buga sudo apt update sannan sudo apt install bcmwl-kernel-source. Tana gaya maka yawan megabait kafin ka ce eh, don na san data ba kyauta ba ce.

In Realtek ne labarin gajere ne. RTL8821CE mai lamba 10ec:c821 ya wahalar da mutane a da, amma tun kanel 5.9 aka sa direbansa a ciki, kai kuma 22.04 ta fito da 5.15 ne a shekarar 2022, don haka ka yi ofdet kawai. RTL8723BE kuwa yana kamawa amma sai ka manna laftof a jikin rauta, saboda wasu na'urorin wayar eriya ɗaya aka sa musu, direban kuma yana sauraro ta ɗaya ramin da babu komai. Wannan da setin direban ne, ant_sel=1 ko ant_sel=2, ake gyara shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ba katin ba ne, wannan "na kwafi duk abin da suka ce" ɗin ne. Wallahi kullum sai na gamu da shi, kullum. Mutanenmu sun taso da Windows, inda direba wani fayil ne da ake nema a intanet a sauko a danna Next Next Finish, in bai yi ba a nemo wani, sai suka kwaso wannan ɗabi'ar ɗungurungum suka kawo Linux. A nan ba haka abin yake ba. Direba a Linux yanki ne na kanel, yana zaune ne a can ƙuryar da babu wani shamaki tsakaninsa da komai na na'urarka, kuma ana haɗa shi ne daidai da sigar kanel ɗin da kake kai. Fayil ɗin .exe da ka sauko ba zai taɓa yi ba ko ka kwana kana dannawa. In wani ya ce maka ai akwai ndiswrapper, ka tambaye shi shekararsa nawa rabonsa da taɓa Linux, wannan dabara ce ta zamanin Windows XP, direbobin Vista zuwa sama ma ba ta ɗauka.

Shi mai bidiyon nan katin da ke cikin laftof ɗinsa ya gyara, a kan sigar Ubuntu ɗinsa, wata ƙila shekara shida da suka wuce. Bai san katinka ba, kai ma lokacin ba ka sani ba. Kamar mutum ne ya ji ciwon ciki ya tsaya gaban motar masu maganin nan da lasifika ya sayi ƙulli huɗu daga mutum huɗu ya haɗa ya shanye, sannan ya zo asibiti yana cewa likita ban san me ya same ni ba. Bidiyo na farko ya sa ka sa direban Realtek, na biyu ya sa ka toshe wani direba a blacklist, na uku ya ce ka cire wanda na farko ya sa, na huɗu ya ce ka kashe Secure Boot. Kowanne ya bar kashinsa a cikin /etc/modprobe.d ya tafi. Sai ka zo ka sa direban da ya dace ya ƙi aiki, don wani layi ɗaya da ka manna jiya ba ka karanta ba ya hana shi tashi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Rabin laftof ɗin da ake kawo min da matsalar waifai, asalin matsalar minti biyar ce, sauran awa biyun kwashe sharar gyara ne.

Wannan ma mai sauƙi ne, ɓata lokaci ne kawai. Mai haɗarin shi ne sudo. Duk layin da ya fara da sudo ka miƙa makullin gidan ne gaba ɗaya har da na ɗakin ajiya. Ka je wani shafi da ba ka san mai shi ba, ya ce ka sauko da install.sh ka gudanar da sudo, ko ya ba ka dogon layi mai curl a farko da bash a ƙarshe, wato a sauko a gudanar nan take ba tare da ido ya gani ba, kai kuma ka manna ka buga Enter ka sa kalmar sirrinka da hannunka. A cikin laftof ɗin nan akwai furojet ɗinka na shekara guda, akwai burauzar da ta haddace kalmar sirrin imel ɗinka da ta banki. Sai ka ji yaro na bugun ƙirji wai Linux ba ta kamuwa da bairos. To ai ba sai ta kamu ba tunda kai ne ka buɗe ƙofa ka ce bismillah shigo. Ban ce duk abin da ke GitHub mugu ba ne, akwai mutanen kirki da suka shekara suna riƙe da direbobin Realtek kyauta kafin a sa su cikin kanel, ni ma na ci moriyarsu. Amma sai ka san lambar katinka, ka tabbatar rumbun Ubuntu ba shi da shi, ka duba yaushe aka taɓa shafin na ƙarshe, ka buɗe fayil ɗin ka karanta ko da ba duka za ka gane ba. Kai fa ɗalibin kwamfuta ne ɗan ajin ƙarshe, in kai ba ka karanta ba wa zai karanta?

Kuma ko na kirkin ne, in da make install kawai ka sa shi ba ta DKMS ba, ranar da kanel ya yi ofdet waifai zai sake ɓacewa, don an haɗa direban ne wa tsohon kanel. Daga nan ne jita-jitar "ofdet na lalata Linux" ta samo asali, har ka ga mutum ya shekara biyu bai yi ofdet ba yana tsoro, garin neman gira ya rasa ido. DKMS aikinsa ke nan, duk sanda sabon kanel ya zo ya sake haɗa direban da kansa, kuma fakitin Broadcom na rumbun Ubuntu da shi yake zuwa.

Masu cewa a kashe Secure Boot kuma, eh waifai zai kama, ban musa ba, kamar yadda in makulli ya ƙi buɗewa cire ƙofar ma na sa a shiga ɗaki. Abin da latsa maɓalli biyar zai gyara ban ga dalilin cire kariya a kansa ba. Abin haushin shi ne masu gyara da yawa ko allon MOK ba su taɓa tsayawa sun karanta ba, abin da suka iya ɗaya ne, a yi fomat a mayar da Windows ɗin da ba a san inda aka samo ta ba, a karɓi kuɗi. In ka ce Linux sai su kalle ka kamar ka zagi wani. Ba laifi ba ne mutum ya ce wannan ba fannina ba ne, makanikin Vespa ba ya jin kunyar cewa bai iya tirela ba.

Don haka kafin ka yi maganar MOK ɗin can, ka buga history ka ga duk abin da ka rubuta tun ranar farko, ka kuma buga ls -lt /etc/modprobe.d ka ga fayilolin da aka taɓa kwanan nan. In ka ga abin ya cakuɗe da yawa kar ka tsaya jayayya da shi, sati uku gare ka. Ka kwafe furojet ɗinka a filasha biyu, ka sake sa Ubuntu daga farko da wayarka a jone, ka yarda a sa direbobin kamfanoni, in shuɗin allo ya fito ka san abin yi. Bai fi awa ɗaya ba.

In duk an yi kati ya ƙi, ko ka gaji da Broadcom, wanda direban nasa ma tun 2015 kamfanin bai fitar da sabo ba sai faci da masu Linux ke ta yi masa, to canza kati ba laifi ba ne, amma ka sa na Intel kuma ka duba ramin naka M.2 ne ko mini PCIe. Ka sani wasu tsofaffin HP da ThinkPad BIOS ɗinsu na ƙin katin da ba ya cikin jerinsu, don haka a gwada a gabanka ta tashi ta kama netwok kafin kuɗi ya bar hannunka.

Ka turo min abin da lspci ta nuna da na rfkill list da kuma history ɗin nan, ka kwafo rubutun ne fa, kar ka ɗauko min hoton allo da waya yana ƙyalli ba a ganin lambobi.